Daɓen Ɗakin Kaka

Ɗakin Kaka ya fi kowane ɗaki tsufa a gidanmu na Wurno, shi ya sa ya fi kowanne zurfi. Ba haƙa shi aka yi ba. Tsakar gida ce ta yi ta tasowa shekara da shekaru, katanga ta zube da damina a baje ƙasarta a ɗora wata, shi kuwa ɗakin yana nan inda aka bar shi, har ya zama sai mutum ya sunkuya ya sauka matakala kafin ya taka daɓensa. Da bazara kowa nan yake son yin ƙailula saboda sanyinsa. A cikinsa na girma, don tun da aka yaye ni aka miƙa ni ga Kaka, mahaifiyar Baba. Ban san wani wurin kwana a gidan ba sai bayanta.

Da na gama makarantar 'yan mata a Sakkwato na dawo gida, aka ba ni aikin raka wata Baturiya ta sashen lafiya mai zuwa da mota ranar kasuwa. Duba-gari namiji ne, iyakarsa zaure a gidajen kulle, mu kuwa har ƙuryar gida muke shiga. Ta faɗi da Turanci, in juya da Hausa. Abin da ba a gaya mini ba tun farko shi ne ni ce mai ɗaga murfin salga. Ita tana tsaye can nesa da hankici a hanci, ni in kutsa bayan gidan matar da ta goya ni ina jaririya, in leƙa, in fito in ce, "An ce a riƙa rufewa, a riƙa zuba toka." Wasu su yi shiru, wasu su ce to. Matar maƙerin da ke bayan gidanmu, wadda duk unguwa ake kira Iya, ita ce ta taɓa ce mini a gaban Baturiya, "Hwaɗa mata mun ji. Ke kuma ki gaida Kakarki, ki ce mata karatu ya yi albarka." Rabin farko kawai na juya da Turanci.

Salgarmu tana jikin bangon bayan ɗakin Kaka. Murfinta sabo ne, ni na sa aka sassaƙa shi, kuma toka ba ta taɓa yanke mata ba. Ina alfahari da ita, Allah ya sani. Amma ni saman rami nake dubawa. Da marka ta kama bana, aka yi ta ruwa ba ƙaƙƙautawa, ramin ya yi ta sha daga ƙasa, babu wanda ya sani.

Ranar da abin ya faru, bayan azahar ne. Baba yana kasuwa kan kekensa na ɗinki, Inna tana madafa tana fama da jiƙaƙƙen itace, ni ina rumfa ina tsefe kai. Ruwa ya ɗan tsagaita. Sai na ji Kaka tana kirana, ba da ƙarfi ba, irin kiran da take yi in tana son a miƙo mata buta. Na tashi ba gaggawa. Tun kafin in kai ƙofa warin ya tare ni.

Na leƙa. Matakalar ƙasa ta ɓace. Wani baƙin ruwa mai kauri ya shafe daɓen, yana shigowa ta gindin bangon baya yana gurnani kamar tukunya na tafasa. Ƙwaryar furarta tana yawo a kai, da faifai, da takalminta ƙafa ɗaya. Kaka tana zaune bisa gadonta na ƙasa, ta tattare ƙafafu, ta ɗaga buzun sallarta sama da hannu biyu.

"Kada ki yi kuwwa," ta ce. "Maƙwabta na ji."

Abin da ta fara faɗa ke nan. Ni ma, in gaskiya ake so, abin da na fara tunani ke nan.

Na ɗaure zane na sauka. Ruwan ya kai mini cinya, ga sanyi, ga abubuwa suna gogar ƙafata waɗanda ba zan rubuta sunansu ba. Na juya mata baya ta hau, ba ta da nauyi, kamar damin kara. Na juyo zan nufi ƙofa ke nan, sai ƙasa ta buɗe a ƙarƙashin ƙafata ta hagu. Ba zamewa na yi ba. Daɓen ne ya rufta, ƙafar ta shige har ƙugu, kuma ban ji ta taɓa komai ba. Babu ƙasa a wurin, rami ne, kuma yana ja. Fuskata ta nutse. Na ɗago, na sake nutsewa, Kaka tana wuyana ta shaƙe ni tana salati. Ban san yadda hannuna ya kama gefen gado ba. Inna ce ta miƙo taɓarya daga ƙofa, na riƙe, ta ja mu kamar ana jan akuya daga rijiya.

Babu wadda ta yi ihu a cikinmu. Mu uku muna tsaye a tsakar gida, ruwan sama ya dawo yana wanke mu, ina amai, Inna tana cewa, "A hankali, a hankali, katanga ba ta da tsawo."

Da Baba ya dawo ya tsaya a bakin ƙofar ya daɗe. Daga baya aka gane cewa akwai tsohuwar salga tun ta kakanni a ƙarƙashin gefen ɗakin, an rufe ta an manta, ruwa ya haɗa ta da sabuwar. Baba ya ce a cike ɗakin da ƙasa a toshe ƙofa, magana ta ƙare. Kaka kuwa a kai ta Goronyo wurin Gwaggo, ƙanwarsa, da zarar ruwan gulbi ya janye hanya ta buɗe. Washegari ya aika da saƙo ta hannun wani mai kwale-kwale.

Aka shimfiɗa wa Kaka a ɗakin Inna. Duk wanda ya san gidan Hausa ya san wannan ba zama ba ne. Suruka a ɗakin matar ɗanta: ba ta cin abinci in Inna tana ciki, ba ta miƙe ƙafa, ko tari sai ta fita waje. Inna ma ta koma baƙuwa a ɗakinta, tana sallama kafin ta ɗauki ludayinta. Cikin 'yan kwanaki wuyan Kaka ya zurma. Wata safiya ina shafa mata man shanu a ƙafa ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Cikin ɗakin ga anka kawo ni amarya. Cikinai na haihi ubanki. In anka kai ni Goronyo, gawata za a maido."

Na je na durƙusa gaban Baba, abin da ban saba ba, na roƙe shi ya bar mu mu gwada. Ya ce ba zai kira masu kwasa ba, don in sun shigo da garewaninsu duk gari ya ji, duba-gari ya ji, a kai shi gaban alƙali a kan salga, shi da 'yarsa ke yawon koya wa mutane tsabta. Ya faɗi wannan yana kallon ƙasa. Sannan ya ce in mun iya mu yi, amma ranar da Gwaggo ta iso, in ɗakin bai zama wurin da za a yi salla ba, Kaka ta bi ta.

Muka fara, ni da Inna. Baba ya haƙa rami a kangon bayan rumbu kafin ya tafi kasuwa. Ni ban iya sauka ba. Na gwada, ƙafata ta ƙi. Inna ce ta shiga da tsohuwar ƙwarya tana ɗiba tana miƙo mini, ni ina juyewa a tulu mai fasasshen baki ina kaiwa rami, in zuba, in bi da toka. Matar da ba ta san harafi ko ɗaya ba tana ciki har gwiwa, mai takardar makaranta tana sama tana karɓa. Ba ta taɓa faɗa mini haka ba. Da ma ta faɗa.

Da ruwan ya ƙare sai laka. Baba ya yi ta ɗauko duwatsu da fasassun tukwane yana dannawa a bakin tsohon ramin, ya bi da jar ƙasa ya kirɓe, ya toshe gindin bango. Aka rufe salgar gaba ɗaya aka haƙa wata can kusurwar yamma. Gadon ƙasa ya sha ƙazanta har ciki, dole aka fasa shi. Tabarmi da faya-fayai da tsohon adudunta muka ƙona. Tasoshinta na jere na tafasa su da ruwan toka ɗaya bayan ɗaya, wannan dai na iya. Aka kankare bango zuwa inda ruwan ya tsaya, aka ɗaye tsohon daɓen duka har aka tarar da ƙasa mai tsabta.

Baba ya so ya san hukuncin salla a wurin, amma ya kasa tambaya kai tsaye. Ya ce wa liman wai wani abokinsa ne a Rabah abin ya same shi. Liman ya ce a kwashe ƙasar da ta ɓaci, a kwarara ruwa mai yawa, shi ke nan ta tsarkaka. Da Baba ya tashi tafiya sai liman ya ƙara da cewa, "Ka gaida mutumin Rabah. Ka ce mai muna jin iskar gidanai har sahun gaba." Ranar Baba bai ci tuwo ba. A bakin Inna na ji, tana ba ni labari tana dariya tana share hawaye.

Muka kwarara ruwan, muka kwashe, muka sake. Muka hura wutar kara a ciki kwana da kwanaki har bango ya bushe, warin hayaƙi ya danne wancan. Aka yi sabon yaɓe. Saura daɓe.

Nan ne abin ya tsaya. Daɓe ba aikin mutum biyu ba ne. Ana baza tsakuwa, a yayyafa ruwa, mata su jeru a durƙushe da madaɓai su yi ta bugu gaba ɗaya kafin ƙasar ta sha iska, ana bi da ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, har ta yi baƙi ta yi ƙarfi. Mun gwada wata kusurwa ni ina miƙo ruwa Inna tana bugu, kafin ta kai tsakiya farkon ya tsage. Ga shi kuma ƙarar madaɓi ba ta ɓoyuwa, kuma a unguwarmu yin daɓe ba gayya zagi ne ga maƙwabta. Sannan kowa ya san lokacin daɓe: rani ne, ko in za a kawo amarya. Daɓe a tsakiyar damina, a ɗakin tsohuwa, sai an faɗi dalili.

Inna tana kulle, ba ta fita. Kaka ba za ta iya yawo ba. Gayyar daɓe kuwa ba a aika ta da baki, sai an shiga gida gida da goro. Saura wa?

Na kwana biyu ina kewaya maganar. Sai labari ya zo cewa an fara ƙetare gulbi da jakuna, wato Gwaggo ta kusa isowa. Na yafa mayafi na ɗauki goron.

Gidajen nan duka na san su, na san hanyar bayan gidansu fiye da hanyar ɗakunansu. Duk inda na yi sallama sai in ga idon matar gida ya wuce ni yana neman Baturiya. Na bar gidan Iya a ƙarshe, ko da yake na san in ba ta zo ba babu mai zuwa, don ita ce mai ba da waƙa. Na same ta tana tankaɗe. Na durƙusa na ajiye goro.

"A'a, Malama! Yau ke ɗai? Ina uwar ɗakin taki? Tashi ki leƙa, a ruhe take, na zuba toka da swahe."

"Iya, ba shi ya kawo ni ba. Gayyar daɓe na kawo."

"Daɓe? Cikin marka? Wa za a yi wa aure, ke ko Kakarki?"

"Ɗakin Kaka ne ya ɓaci."

"Mi ya ɓata shi?"

Na amsa ƙasa-ƙasa.

"Ɗaga murya, ɗiyata, kunnena ya tsuhwa. Mi ya ɓata shi?"

"Salga ce ta fashe ta shiga."

"Salga! Wace? Ba dai wagga mai sabon murhi ba?"

Surukarta da ke daka ta ajiye taɓarya ta shige ɗaki, ina jin dariyarta ta cikin asabari. Iya ta ɗauki goro ɗaya ta fasa, ta daɗe tana tauna.

"Tun ranar munka sani," ta ce. "Na ɗora madaɓina bisa katanga ina jiran a kira ni, har rana ta gasa shi. Kun bar tsohuwa ɗakin suruka kuna ta ɓoyon abin da kaji ma sun sani. Tashi ki tahi. A jiƙa makuba yau."

Washegari suka zo da hantsi, sun fi yadda na gayyata, kowace da madaɓinta a kafaɗa. Suka gaida Kaka, suka yi mata jaje. Na ɗauka za a fara aiki. Sai Iya ta gyara ɗaurin zane ta ce, "Tukuna. Aikin gwamnati ya riga." Ta zaro ƙyallen goyo ta toshe hanci, ta miƙe wuya, ta nufi sabuwar salgarmu tana taku ɗai-ɗai, mata suna biye da ita. Ta tsaya nesa ta nuna ni da yatsa. Na gane abin da take so. Na je na ɗaga murfin. Ta leƙa ta yi wani gwalan-gwalan da harshe wai Turanci, wata ta ce, "Mi ta ce, Malama? Juya muna!" Gidan ya kaure da shewa. Har Inna ta juya baya kafaɗunta suna rawa. Na tsaya riƙe da murfi, ban san inda zan ajiye shi ba.

Sannan suka sauka. Aka baza tsakuwa, aka jeru. Iya ta ɗaga murya, madaɓai suka faɗi tare, tim, tim, har ina ji a ƙirjina. Nan take ta ƙaga waƙar, da ni a ciki: mai duba na mutane, wa ya duba naki, a ba ta madaɓi ta duba ƙasa. Suna amsawa suna bugu. Wata ta miƙo mini madaɓi daga ciki, suka matsa suka buɗe mini gurbi a sahu. Gurbin kuwa daidai gindin bangon baya ne, inda ƙafata ta shige.

Na sa ƙafa a matakalar farko. Na san an cike ramin, a gabana aka cike shi, ga mata manya suna durƙushe a kansa. Amma sai na ji sanyin nan ya kama cinyata, na ji abin yana ja, warin ya dawo mini a maƙogwaro alhali babu shi. Madaɓin ya faɗi daga hannuna ya gangara. Na tsuguna a bakin ƙofa, a gaban matan unguwa duka.

Waƙar ta tsaya. Wannan shirun ya fi mini dariyar zafi.

Inna ce ta yi magana daga bayana, a hankali. "Nan ta hwaɗa, da tsohuwa a bayanta. Har kai ta nutse."

Ba su san wannan ba. Iya ta dube ni, ta dubi wurin. Ta tashi daga inda take ta koma gurbin da kanta, ta durƙusa, ta ce, "To, ke miƙo muna makuba daga nan bisa. Kada ki zubar, ba a samunta yanzu." Ta sake ɗaga murya da wata waƙar, ta yabon Kaka, ba ta ƙara sa ni a ciki ba. Haka na yini ina miƙa ƙwarya. Ɗakin da na girma a ciki, mata goma sha wani abu suka daɓe shi, ban buga ko sau ɗaya ba.

Daɓen ya yi kyau. Ya bushe ya yi baƙi yana sheƙi, in ka ƙwanƙwasa sai ya amsa. Baba ya sayo gadon kara da sabuwar tabarma. Kaka ta sauka da kanta tana dafa bango, ta shafa ƙasar da tafin hannu, ta sunsuna, ta shimfiɗa buzunta ta yi la'asar. Da ta sallame ta ce a kawo mata tuwo, ta cinye, ta nemi ƙari.

Gwaggo ta iso bayan kwana kaɗan, da jaki biyu da mai rakiya. Ta tarar da uwarta zaune a ɗakinta tana kaɗi. Kaka ta ce mata, "Kin sha hanya a banza. Ki huta ki koma, ki gaida yara." Gwaggo ta zagaya ɗakin, ta taka ko'ina da dunduniya, ta fito ta ce wa Baba ba ta da ta cewa.

Amma ta kwana uku a gidan, kuma tana da ido. Ta ga inda nake shimfiɗa tabarmata, a ɗakin Inna. Ta ga yadda nake ajiye wa Kaka abinci a bakin ƙofa in kira ta ta miƙo hannu. Ranar da za ta koma ta ja ni bayan rumbu.

"Wa ke kwana da ita?"

"Ba kowa, Gwaggo."

"In ta hwaɗi, wa za ya ji? In ta nemi ruwa?" Ta dafa kafaɗata. "Ba hwaɗa nike miki ba, an ba ni labarin abin da kinka yi. Amma ba ni barin uwata ita ɗai cikin rami. In anka gama yankan gero ina dawowa. In na iske ki ciki, shi ke nan. In ban iske ki ba, da ita za ni."

Kaka ba ta san an yi wannan maganar ba, ko kuma ta sani ta yi shiru. Ba ta taɓa ce mini in sauko ba. Kullum da safe nakan zauna a bakin ƙofar in gaishe ta, ta amsa daga ƙasa, mu yi hira kamar masu magana ta katanga. Jiya na zura ƙafafuna ciki na bar su suna lilo har ta gama ba ni labarin wata akuyarta da ta ɓata tun kafin a haife ni. Na ji daɗi, na ce gobe zan taka. Yau da safe na zo, na kasa ko zurawar.

Mutanen ƙauyen Sisawa da suka shigo kasuwa sun ce geronsu ya fara nuna.